Tsagar Ciyawa

Ba ta yi sallama ba.
Gari ya waye kawai muka gan ta a fadamar Dakace,
doguwa, mai kaifin ganye, saiwa kamar igiyar guga.
Ta cinye kwamin albasa, ta shaƙe wuyan lambatu,
akuya ta sansana ta kau da kai.
Manoma suka raɗa mata suna, Kin-fi-mai-gona.

Aka ce shanun Jaɓɓo suka kwaso ta a kofato.
An faɗa a kasuwa, an faɗa a gindin mangwaro,
har maganar ita ma ta yi saiwa.
Rani biyu ba mai sayen nonon rugarsa.

Ni aikina a Samaru yake,
ɗaki mai sanyi, farar riga, safar hannu.
Na bi gaɓar Galma da almakashi da ambulan,
Likoro, Maigana, har bakin Kangimi,
na bi burtali ƙaya na cin zanena,
ganye ɗari biyu da goma sha huɗu,
kowanne da sunan wurin da na yanke shi.

Ciyawa ba ta da baki, amma tana da tsaga.
Ba wanzami ya yi ta ba, ba a kumatu take ba,
can cikin ƙwayar halitta take, a rubuce,
baƙaƙe huɗu suna ta musayar wuri.
Uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika,
wani lokaci alƙalami ya zame, baƙi ɗaya ya sauya,
sai zuriyar nan ta tafi da tabonta
duk inda ruwa ya kai ta.

Abin da malamina ya koya mini ke nan:
inda tsaga ta fi yawa, nan ne gidan tsohuwa.
Wanda ya yi ƙaura kaɗan yake ɗauka,
tabarma da tukunya, sauran na gida.

Na Kangimi tsagarsu biyu.
Na Maigana uku.
Na burtali ɗaya tak, ita ma jika ce ta jiya,
wato shanu ba su kawo ba, tsinta suka yi a hanya.
Na ci gaba da hawa, ina saɓa wa ruwa,
biyar, bakwai,
allon na'ura na haska mini ido har asuba,
sai ga sha ɗaya a ambulan mai lamba casa'in.

Ban buƙaci taswira ba.
Rubutuna ne a jiki: kusurwar gabas, gindin giginya,
gonar Malam Tanimu.
Babana.

Sai akwatin ya dawo mini.
Shekarar da ya sayo injin ban-ruwa,
katako mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa,
cikinsa cushe da busasshiyar ciyawa kada ƙarfe ya bugu.
Ina 'yar shekara bakwai.
Ni na kwashe ta a zane,
na yi wa 'yartsanata shimfiɗa a bakin lambatu,
aka kira ni cin tuwo, na manta.

Shekara ashirin tana kwance tana koyon ƙasarmu.

Na rubuta rahoto, shafi tara, ban ɓoye lambar ba.
Baba ya saurara yana gyara ƙotar fartanya,
bai ɗago ba, ya ce, injin ma ya daɗe da mutuwa.
Can ya ce, ɗauko mini takalmina.

Muka bi ta cikinta, tana yankar mana ƙwauri,
shi a gaba, ni a baya da ƙwarya,
rana ta yi gora biyu.
Jaɓɓo na tsugune yana cire wa maraƙi kaska.
Ya dube mu, ya dubi ƙwaryar,
ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya kira matarsa da Fulatanci.